Jirgin Zunguru

Ranar Litinin Sailuba ta shigo gida ko sallama babu, ta yar da wani lanƙwasasshen kwano a tsakar gida, ta shige ɗaki.

Sailuba ita ce ta uku a 'ya'yana. Da dogon hutun nan aka zaɓe ta daga makarantarsu, ta je wani kwas na sati shida wajen injiniyoyi, can bayan unguwar Kongo. Ɗan jirgin ruwa suke haɗawa, bai fi tsawon hannu ba, mai batir da farfela, wanda in ya ci karo da gaɓa zai juyo da kansa. Su ashirin ne, ita kaɗai ce mace. Kullum tun safe ta fita ta Ƙofar Doka, ta dawo la'asar yatsunta duk ƙunar dalma.

Na bi ta ɗakin. "Ke, wa ya mutu?"

"Iya, jirgina ne. Kowa fallen kwano ɗaya aka ba shi na yin gangar jirgin. Nasidi, wani ɗan ajinmu, ya ce almakashin ya fi ƙarfin mace, in kawo ya yanka min. Ya yanka a karkace, ruwa yana shiga. Malam Jumare mai koyar da mu ya ce babu wani kwanon, kuma ranar Alhamis duk wanda jirginsa bai haye tafki ya dawo ba, ba takarda, ba zagaye na biyu."

"Ke da kike fasa min itace, almakashi ne ya fi ƙarfinki?"

"Kunya na ji, Iya."

"To ga ribar kunya nan a tsakar gida. Injin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Abin da zai zauna a ciki ne babu."

Na ɗaga kai sama. Zunguruna yana rataye a jikin azara, dogon goran nan da muke zura hannu ciki in mun sa lalle. Na kakata ne. Na sauko da shi na kaɗe yanar gizo, na ce ta riƙe min. Na yi bisimilla na bi shi da zarto a tsaye har ya rabe biyu.

Ta tsaya tana kallo. "Iya, dariya za su yi min."

"Da can yabonki suke yi?"

Kwana biyu tana huda tana ɗaurewa. Ta toshe hujin farfela da ƙaro, wai shi ne a kusa. Na ce yarinya, ƙaro da ake jiƙawa a yi tawada? Muka sa jirgin a kwatanniya, kafin in gama tankaɗe ƙaron ya narke, ruwa ya fara tsattsafowa. Na aika gidan Hajo mai zuma aka karɓo kaki. Muka narka muka liƙe, ya yini a ruwa ko ɗigo.

Alhamis na yafa mayafina na bi ta. Ba a gayyaci iyaye ba. Ni ma ban tambaya ba.

Samari sun jeru a bakin tafki da jiragensu, sai ƙyalli suke. Sailuba ta kwance ɗankwalin da ta naɗe nata da shi, aka kwashe da dariya.

"Amarya, yaushe ne kamun?" in ji wani.

Nasidi ya shinshina. "Wallahi har yanzu ƙamshin lalle yake."

Malam Jumare, dogo mai tabarau, ya juya shi a hannu ya miƙa mata. "Wannan kayan ado ne, ba injiniyarin ba. Ba zan rubuta shi ba."

Na matso. "Malam, ina wuni. Ni ce uwarta."

"Hajiya, nan ba wurin…"

"Ban je ba tukun, Allah dai ya kira mu. Barira sunana. Takardar da ke hannunka, dokar ce?"

"Ita ce."

"Karanta min. Ni ban yi boko ba, amma kunnena garau."

Ya dube ni, ya dubi yaran, ya karanta yana fassarawa: jirgi ya tsaya a kan ruwa, ya haye da kansa, ya juyo ba a taɓa shi ba.

"Ina wurin da aka ce kwano?"

"Ai kowa ya san…"

"Ni ban sani ba. Nuna min. In yana ciki yanzu mu kama hanya, ban riƙe ka da komai ba. In kuwa babu, ga ni ga ka har magariba, kuma gobe kiyama kai da ita."

Na shimfiɗa gefen zanina na zauna a bakin ruwan, daidai inda ake sakin jirage. Ba mai iya sa nasa sai ya tsallake ni, kuma a cikinsu ba wanda uwarsa ta haifa da zai tsallake ni.

Malam ya cire tabarau ya goge. "A sa shi. In ya nutse kada a ce ni ne."

Sailuba ta durƙusa ta ɗora shi a kan ruwa. Na ce, "Bisimillarki fa." Ta yi, ta murɗa wani abu, ta saki.

Ba zan yi ƙarya ba, tafiyar agwagwa ya yi. Ba shi da nauyi, iska ta yi ta tura shi gefe, har na fara salati. Ya dai isa can ya dunguri gaɓa, ya yi cik. Nasidi ya ce, "Ya mutu." Sai farfelar ta sake kamawa, ya juyo a hankali, ya taho yana rangaji har ya daki ƙafata.

Sailuba ta ɗauko shi ta kife a gaban Malam. Ko ɗigo bai zubo ba.

Jirgi goma sha uku ne suka dawo ranar, nata na tara. Malam ya rubuta sunanta, ya ce zagaye na biyu Litinin ƙarfe takwas, kada ta makara.

Ta ce, "Malam, a ajiye min benci kusa da taga, ni ma ina son haske."

Na tashi na kaɗe zanina, na tambayi inda mata ke alwala.