Fusae a Kogon Dodanni

Shekara arba'in muna maƙwabtaka da Fusae a tsibirin nan, ban taɓa ganin wanda ya sa ta yin abin da ba ta yi niyya ba. Tana da shekara tamanin da ɗaya, ɗanta Noriyuki ya sauko daga jirgin ruwan safe, riƙe da takardun wani gidan kula da tsofaffi na birni. Ya iske mu muna shanya kifi a bakin gaɓa.

"Inna, ƙafafunki sun gaji. An ce watan jiya faɗuwa kika yi a ƙofar gida."

"In ji wa?" Ta juyo ta galla mini harara. Na sunkuyar da kai, don ni na faɗa masa.

"Ɗauko mini sandata," ta ce da shi. "Kogon dodanni za mu. In na shiga ta gaba na fita ta baya, ka naɗe takardunka ka kama hanya."

Kogon yana can ƙololuwar dutse. Akwai motar da ke kai baƙi, ta ce ita ba baƙuwa ba ce. Awa biyu muka yi muna hawa. Sau huɗu tana zama a gefen hanya, duk sanda ya miƙo hannu sai ta make shi da sanda.

A ciki ga sanyi, ga gumakan jajayen dodanni masu ƙaho da kulake. Wani mutum yana yi wa baƙi bayanin yadda, a tatsuniya, jarumi ya tsallako teku ya ci dodannin da yaƙi, ya kwashe dukiyarsu.

"Malam, faɗi daidai mana!" Fusae ta ɗaga murya. "Suna zaman zamansu a gidansu aka zo aka yashe su. To su wane ne ɓarayin?"

Baƙin suka bushe da dariya. Noriyuki ya rasa inda zai sa kansa.

Gab da mafita akwai wani matsattsen wuri mai santsi. Nan gwiwarta ta ƙi, ta zube. Noriyuki ya durƙusa ya ba ta baya.

"Inna, don Allah ki hau. Ya isa haka."

"Matsa can. Cewa na yi zan fita, ban ce a tsaye ba."

Da rarrafe ta ƙarasa, tana nishi, tana jan sandar a ƙasa. Ni da shi muna biye. Ta fito cikin rana tafin hannunta duk ya ƙuje, ta zauna a kan dutse tana kallon teku har numfashinta ya dawo.

Noriyuki bai bi jirgin yamma ba. Kwana uku ya yi yana kafa mata ƙarfen da za ta riƙa dafawa in tana tafiya, daga ƙofa zuwa ɗaki, ita kuwa tana zaune tana kushe aikin, wai a karkace yake kamar aikin ubansa. Har yau a gidanta take. Ta tagata nakan hango ta tana dafa ƙarfen, amma ba ta dafawa sai ta waiga ta tabbatar ba kowa.