Karas ɗin Gwamma

Ranar Laraba ce, da sanyin safe irin na ƙarshen kaka, hannu ba ya son taɓa ruwa, kakata Gwamma ta tashe ni da sandarta.

"Mijin banza, tashi ka gyara mini bayan ɗaki."

"Tsohuwa, na sake ki tun jiya, ba ki ji ba?"

"Ka saka. Amma ka ɗauko fartanya."

Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi gyaran waya a Gwarzo, na bi mota, na yi tallar rake, ko wanne ban kai wata uku ba. Shi ya sa babu mai ba ni amanar komai a garinmu Madadi, sai ita.

Irin karas ne Musbahu direba, ɗan ƙanenta, ya kawo mata tsaraba, ɗan mitsitsi a ƙulle a leda. Ya ce wannan ba ja ba ne, shunayya ne, kamar an tsoma shi a zoɓo. Ta cuɗa irin da yashi don kada ya taru wuri guda, ta barbaɗa a komin shuka biyu da na yi mata a bayan ɗakin, ta rufe da ciyawa. Ban-ruwa ya zama nawa. Da ya tsiro, sai ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa tana rage shi da yatsa biyu, tana yi masa faɗa kamar jikokinta.

Ranar da ta ciro na farko na matso ina dubawa. Bayansa kamar baƙi, da ta gutsura cikinsa rawaya ne, ga zaƙi, leɓenta ya rine. Baba Halilu, mai lambu a fadama, ya juya shi a hannu ya ce, "Ƙasim, in ka fitar da irin shuka daga wannan, zan ba ka gefen lambuna baɗi." Nan muka yanke: komi ɗaya na ci, ɗaya a bar shi ya yi fure. Babu sauran iri a ledar, Musbahu kuma ya manta inda ya saya.

Gwamma ta aika wa maƙwabta ɗanɗano, kamar yadda ake yi da farkon kowane amfani. Badi'a, matar maƙwabcinmu, tana da ciki. Ta ci, ta ce jirin da take ji ya ragu. Kafin Juma'a zance ya zaga cewa karas ɗin Gwamma yana ƙara jini. Masu ciki suka fara sallama, har daga Durun ta Kabo aka turo a kan babur. Komin ci ya ƙare tas.

Wata la'asar na dawo daga rijiya na tarar da ita durƙushe a komin iri, Badi'a da mata biyu suna tsaye.

"Gwamma! Na iri ne fa!"

"Na sani, ba makauniya ba ce ni."

"Ba magani ba ne, karas ne kawai."

"Ni ma na gaya musu. Amma mai ciki ta yi sallama, ta roƙi abin da idonta ya gani a gidana, in ce babu? Kai ka faɗa mata."

Na dubi Badi'a, ta sunkuyar da kai. Ban iya ba. Na ajiye guga na jingina da katanga, ina kallon lambun Baba Halilu yana fita daga hannuna.

"Miƙo wuƙa, sarkin fushi."

Kowanne ta ciro, sai ta yanke kansa da kaurin yatsa uku, ta ba matan gindin, ta aske ganyen ta bar ɗan toho. Ta dangwala wurin yankan a toka, ta mayar da shi ƙasa ta danne.

"Haka muke yi wa albasa in muna son iri."

"Albasa daban, karas daban."

"To ka tambaye shi. Ni ban taɓa gwadawa ba."

Haka ta yi da komin gaba ɗaya, babu macen da ta fita hannu wofi. Ni kuwa ban je ko'ina ba. Abokina ya kira ni aikin gini a Kano, na ce ina da ban-ruwa, ya yi ta dariya.

Da zafi ya fara shigowa, wasu suka yi kara, suka buɗe farin fure kamar 'yar lema, ƙudan zuma suka cika bayan ɗakin. Gwamma ta ɗaure kowane kan fure da tsohon kallabi don kada iska ta zubar. Da suka bushe ta murje su a faifai, ta cika ƙaramin gwangwanin madara, ta ce in kai wa Halilu ya gani da idonsa.

Kai arba'in da huɗu ta dasa. Goma sha tara sun ruɓe, bakwai gara ta ci, biyar akuyar Badi'a ta tsallako ta cinye, biyu kuma ni na taka da guga a hannu. Sha ɗayan da suka tsira su ne suka cika gwangwanin.