Rarar Ɗinki

A gidanmu Injiniya ake kirana, kuma ban taɓa hana kowa ba. Baba ne kaɗai yake ce mini Auta, yadda ya saba tun ina rarrafe a ƙarƙashin teburin yankansa ina cusa ƙyallaye a baki. Tela ne, shekara arba'in da ɗoriya yana taka keke. Ni kuwa ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai ja wa mutane intanet har cikin gida, kuma babbar rauta a hannuna take, wato na'urar da duk akwatunan gidajen mutane ke haɗuwa da ita.

Aikin ba shi da wani asiri, ko da yake mun fi so a ɗauka yana da shi. In ka kunna akwatin gidanka, sai ya gaisa da rautarmu ta wata ƙa'ida da ake kira PPP. Ya faɗi sunansa da kalmar sirri, sannan su daidaita a kan girman ƙunshin saƙon da za su riƙa miƙa wa juna. Nan take rauta ta buɗe maka ƙofa taka kai kaɗai, in ka kashe akwatin ƙofar ta ɓace. Ba wanda ke zama ya tsara ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. Furofayil guda ake rubutawa, wato tsari ɗaya na gama-gari, daga jikinsa ake yanko ta kowa. In ya yi daidai kowa ya huta. In ya karkace, gida ɗari uku sun karkace tare.

A watan da abin ya faru na rubuta sabon furofayil don unguwar su Baba. Na gwada shi a ɗakin gwaji ya tafi sumul, na ɗora shi ranar Litinin, na jingina da kujera ina kaɗa ƙafa. Ranar Laraba sai ga Anti, matar da ke amsa wayar masu kawo koke, ta leƙo ofishina da takarda a hannu.

Ta ce, "Injiniya, mutanen unguwar can suna ta kira. Wai rubutu yana tafiya, amma hoto sai ya kai rabi ya tsaya."

Na ce, "Su kashe su kunna."

"Sun kashe, sun kunna."

"To wayoyinsu ne, Anti. Dubi allon nan, kowa a haɗe yake."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma teburinta. Ni ko a jikina.

A daidai wannan makon ne Baba yake cikin nasa uzurin. Wata makaranta tana neman telan da zai riƙa ɗinka wa ɗalibanta yunifom, kuma ba ta karɓar komai hannu da hannu. Sai dai ka shiga shafinta ka ɗora hoton ɗinkinka guda uku kafin Alhamis mai zuwa. Tun da kayan kanti suka cika kasuwa aikin Baba ya koma facin wando da rage hannun riga. Ya zauna kwana huɗu ya ɗinka samfuri uku, ya goge su, ya rataye a bango ya ɗauki hoto da kansa. Yana son aikin nan ƙwarai, ba don komai ba sai don ya tabbatar wa kansa hannunsa bai mutu ba.

Duk Asabar a gida muke cin abincin rana. Ran nan ga Mama, ga Yaya, babbar 'yar gidanmu, ga mijinta wanda ko tari ka yi sai ya samu abin dariya a ciki. Muna tsakiyar ci Baba ya miƙo mini wayarsa a hankali.

Ya ce, "Auta, duba mini layin nan naka. Hotunan makaranta sun ƙi hawa. Sai abin ya yi ta juyawa."

Wai layina. A gaban suruki. Na ji abin ya soke ni. Na karɓi wayar, na aika wa kaina kalma ɗaya, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Ga shi, lafiya lau yake aiki."

"Rubutu kam yana tafiya," in ji Baba. "Hoton ne."

Da a nan na danna hoto ɗaya na gwada, da minti biyu sun raba gardama. Ban gwada ba. Baki na buɗe.

"Baba, layin nan ni na tsara shi da hannuna, ba kuskure a cikinsa. Matsalar ba ta layi ba ce, ta yatsa ce. Waya ba keke ba ce da za a yi ta takawa har ta tafi. Akwai abin da in shekaru suka ja sai a haƙura da shi."

Mijin Yaya ya tuntsire da dariya har yana ƙwarewa. Yaya ta harare ni. Mama ta ce, "Kai dai bakinka ba linzami." Baba ya ce, "To." Ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da cin abincinsa.

Alhamis ta zo ta wuce, ban ma tuna da ita ba. Ranar Juma'a da safe Anti ta shigo ta dire takardu a kan teburina.

"Gida arba'in da ɗaya. Duk unguwa ɗaya, duk tun Litinin ɗin da ka taɓa injin nan. Ba zan tashi daga kanka ba sai ka buɗe ka duba."

Don in rabu da ita na buɗe furofayil ɗin. Ban kai layi na goma ba na ci karo da kuskuren. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, girman ƙunshi: 1500.

Hanyar da ke shiga gidajen mutane bayit dubu ɗaya da ɗari biyar take ɗauka a ƙunshi guda, ko ɗaya ba ta ƙarawa. Bayit shi ne ma'aunin da muke auna girman saƙo da shi. Ita kuma PPP tana buƙatar bayit takwas ta naɗe saƙon da su. Saboda haka 1492 ake rubutawa, a bar mata takwas ɗinta. Wanda ya yi sati ɗaya a aikin nan ya san haka. A ɗakin gwaji hanyarmu ta fi faɗi, shi ya sa komai ya wuce. A unguwa kuwa, ƙaramin saƙo yana shigewa, amma duk ƙunshin da ya cika taf, irin na hoto, sai ya maƙale a hanya a zubar da shi. Na goge lamba, na rubuta daidai, na sa ƙofofin suka sake haɗuwa. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

"Wayoyinsu ne, ko?" in ji Anti. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya ina neman gidanmu. Babu. Baba bai kira kowa ba. Na fita baranda na buga wa Mama.

Ta ce, "Ai kullum sai ya gwada. In ya ci abinci sai ya sa tabarau ya zauna, yana goge yatsa a riga, wai ko maiƙo ne. Na ce ya kira Yayarku, ya ce a bar shi. Jiya har la'asar yana kai. Yau da safe ya lulluɓe keken."

Ba zan ɓoye ba, a barandar nan na yi tunanin yin shiru. Layi ya gyaru, Baba bai san bayit ba, bai san furofayil ba, har abada ba zai gane ba. Na fi minti goma ina juya wannan tunanin, kuma har yau in na tuna da mintocin nan kunya ta fi kama ni fiye da ta lambar kanta.

Da rana na je shagonsa da ke zauren gidanmu. Baba yana zaune a bencin masu jiran ɗinki, ba a kujerarsa ba. Keken yana lulluɓe da tsohon zanen gado. Rigunan nan uku an sauke su daga bango an ninke. Na gaishe shi na durƙusa, kafin in haɗa magana ya riga ni.

"Auta, ashe gaskiya ka faɗa ran nan. Na ji haushi, amma gaskiya ce." Ya ciro wayar ya nuna mini. "Ɗazu na sake dannawa, hotunan suka hau tas, sai aka rubuto wai an rufe tun jiya. Ka ga sai da aka rufe sannan yatsan ya iya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ba yatsanka ba ne. Tun ranar farko daidai kake dannawa. Ni ne na yi kuskure a wurin aiki. Yau da safe na gyara, shi ya sa suka hau."

Ya ajiye wayar a kan benci. Sannan ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Na yi, ina in'ina, na faɗi hanya da ƙunshi da abin da ake naɗe saƙo da shi.

"Nawa ya kamata ka bari?"

"Takwas."

"Cikin dubu da ɗari biyar."

"E, Baba."

Ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya daga cikin rigunan, ya juya cikinta waje, ya bi gefen ɗinkin da babban yatsansa. "Wato ka yanka daidai jiki, ba ka bar rarar ɗinki ba. A kan tebur riga ta yi kyau, a jikin mutum ta ƙi shiga. Sai ka ce masa shi ne ya yi ƙiba."

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce zan je makarantar da kaina in roƙe su, in ce laifin layi ne. Ya ce in na ga dama. Na tashi na kama bakin zanen da ke kan keken zan yaye, ya riƙe mini wuyan hannu. Riƙon da ƙarfi, ba rawa ko kaɗan.

"Bar shi tukuna. Kwana shida ina zargin hannun nan, ba a yini ɗaya za mu shirya da shi ba." Ya sake ni, ya ninke rigar yadda take. "Gobe Asabar. Yayarka za ta zo da mijinta. Abin da ka faɗa mini yanzu a durƙushe, gobe ka maimaita shi a kan tebur, da muryar da ka yi waccan maganar."

Na ce to. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ko zai ƙara wani abu, ko faɗa ne ma in samu sauƙi. Ya ɗauki tabarau ya sa a aljihu, bai dube ni ba.

Ya ce, "Sai gobe, Injiniya."