Inci Uku a Ƙirji

"Ɗaga hannu," in ji Tela.

Direba ya ɗaga. Tela ya zagaya tef a ƙirjinsa, ya duba lambar, ya sake awo don kada ya zalunci maƙwabcinsa. An samu ƙarin inci uku. Kafaɗa ta rage, ciki yana nan yadda yake, ƙirjin ne kawai ya samu ci gaba.

"Allurar ce," in ji Direba yana kallon bango. Fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙa masa wuya. "Duk wata uku. Likita ya ce ciwon dajin nan na ƙasan mafitsara da sinadarin namiji yake rayuwa, shi ne ake yanke masa abinci. Yanzu kuma ya ƙara mini ƙwaya huɗu kullum da safe. Wai dole a haɗa su, ɗaya ba ta ja sai da ɗaya. Ka saki rigunan ta gaba. Kuma maganar nan ta mutu a shagon nan."

"Haba maƙwabci! Shekara nawa muna katanga ɗaya?"

Kwana biyu maganar ta yi a mace. A na uku hira ta yi sanyi a bencin ƙofar shago, Tela kuwa ba ya iya zuba ido yana ganin hira tana mutuwa. Bai yi ƙarya ba. Inci uku ya ce, ya kwatanta da hannu. Mai Faci, ɗaya daga cikin 'yan bencin, ya yi dariya har ya ƙware.

Washegari Direba ya zo wucewa, Mai Faci ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, in an haihu ba sai an sayi madara ba!"

Mutumin da ya shekara talatin yana jan tirela ya tsaya a tsakiyar layi, idanunsa suka ciko. Wannan ma aikin allurar ne, sai dai 'yan benci ba sa karanta takardar magani. Ya juya ya koma gida.

Bai bar ƙwaya ba, a gaban matarsa yake haɗiye ta. Allurar ya bari. Ranar asibiti sai ya yi wanka, ya ɗauki katinsa, ya je garejin da ya yi aiki ya zauna har azahar, ya dawo yana sosa ciki kamar wanda aka yi wa allura a wurin. Ƙirjin bai koma ba. Ciwon ne ya dawo, ya shiga ƙashin baya.

Sau ɗaya Tela ya shiga dubiya. An saukar da katifa ƙasa, jakar fitsari tana rataye a ƙafar kujera, kwalayen ƙwaya a jere a kan taga, babu wanda aka yi wa fashi.

"Tela, awo ka zo?" in ji Direba. "Wannan karon ba ruwanka da ƙirji. Tsawo kawai za ka ɗauka."

Tela ya buɗe baki. Tun daga ƙofar shago ya tsara abin da zai faɗa, daga farko har ƙarshe.

"Allah ya kawo sauƙi," ya ce.

Direba ya rasu ranar Talata da hantsi. Tela bai ji kukan farko ba, keken ɗinki na aiki.

Bayan mutane sun ragu, matar Direba ta aika a kira shi. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta turo masa ruwa a kofi.

"Likita ya nuna mini kati, Malam Tela. Wata tara babu allura. Ni ina nan ina ƙirga masa ƙwaya kamar wata mai hankali."

"Sai haƙuri."

"Ya gaya mini kafin ya cika. Ba'ar da mai facin nan ya yi masa ce ta sa ya bar allurar. Na ce a ina ya ji? Ya ce ai ido gare shi." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ya ce in yi maka godiya. Wai a duk layin nan kai kaɗai ka rufa masa asiri."

Tela ya ɗauki kofin. Ta zuba masa ido tana jiran ya sha.

"Ba komai," ya ce. "Yi wa kai ne."

Ya mayar da kofin ƙasa a cike. Wani ƙuda ya sauka a bakinsa, ya zagaya sau ɗaya, ya tsaya yana wanke hannu.