Murfin Inji na Hagu

…kuma ai Yaya ne ya faɗa, da bakinsa, ba mafarki ta yi ba. Yana ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa, ko ɗago kai bai yi ba: “Auta, ranar da kika sa babur ɗin nan ya yi walƙiya, ranar zan koya miki tuƙi.” Wasa yake? To ko wasa ne, ya dai faɗa. Mama ma ta ji, har ta ce ya daina zuga yarinyar da ko kyankyaso ta gani sai ta haye kujera.

Kyankyaso daban, babur daban.

Ga shi nan a tsakar gida a kan jak. Yaya ya tafi aski, kuma in ya je aski sai an ƙare musun ƙwallo yake dawowa, tana da lokaci. To me ya sa take waige-waige? Ba sata take yi ba. Man goge baki, tsohon buroshi, tsohuwar singiletin Yaya, takardar azurfa ta cikin kwalin shayi — duk kayan gida ne.

Salansa tukuna, bututun hayaƙin nan. A dunƙule takardar, a tsoma a ruwa, a bi ɗigon tsatsa a hankali… a hankali, kar a danna. Haka bakaniken bakin layi ya gaya wa wani mutum, ita tana tsaye a gefe tana gyaran jaka da ba abin da ya same ta. Da ta iya buɗe baki da ta tambaye shi sauran. Ina! Ko a aji aka kira sunanta sai malam ya ce wa ya yi tari.

Ɗigon tsatsar yana fita. Wallahi yana fita! Jan ruwa na gangarowa, ƙasansa fari tas — ga fuskarta a jikin salansa, hanci kamar ludayi, ido can gefe. Dariya na son ƙwace mata, ta toshe baki da gwiwar hannu. Kar Mama ta jiyo daga kicin.

Kuloci a hagu, birki a dama, giya a ƙafa. Ta san su. Ta daɗe da sanin su, a kan gado take yi in ta ja bargo, tana murza totur a iska. Filin bayan makaranta zai kai ta, ta sani, can da babu motoci. Za ta saki kuloci a hankali, ba za ta bari ya mutu ba, ko sau ɗaya — to, ko sau ɗaya ɗin ba komai. Rediyo ta aji, mai bakin nan da ba ya hutawa, in ta ji labari me za ta ce? Shiru-shiru a kan babur? Ta ce ƙarya ne. Ta ce mana.

Murfin inji na dama. Wannan alminiyam ne, ba irin salansa ba, ya yi fari-fari kamar fatar da ba ta sha mai ba. Man goge baki, buroshi, zagaye-zagaye… tsumman ya yi baƙi ƙirin. Wayyo, ta ɓata? Ta cinye ƙarfen? Tsaya — a'a, a'a, bakaniken ya ce in tsumma ya yi baƙi aiki na ci. Ta juya gefe mai tsabta, ta goge, ta hura, ta sake gogewa. Kai. Kamar sabuwar tukunya.

A kan tankin nan Baba yake ɗora ta zuwa firamare, hannunta biyu a tsakiyar kan babur, gemunsa na sosa mata ƙeya, ya ce ita ce direba shi fasinja ne, ta danna hon a gaishe da mai shago. Ɗumin inji a ƙafafunta. Tun da ya rasu Yaya ke hawa, ita kuma sai baya, a karkace, ta riƙe jaka…

Mama na tambaya daga ciki wai me take yi shiru haka. Wanki, Mama. Ai wanki ne.

Wayoyin ƙafar babur ɗaya bayan ɗaya, yatsa a cikin tsumma, sun yanke ta a gefen farce, ba komai. Madubi. Zoben fitila. Rana ta faɗo a kai har sai da ta runtse ido. Saura hagu kawai, ta ja kujerar tsuguno ta zagaya.

Ji wannan kuma. Baƙin tabo a jikin murfin, kusa da giya, faɗin tafin hannu. Yaya da wankin babur duk mako, ashe ha'inci yake yi! Za ta tsokane shi, ta ce malam mai babur, nan fa, ruwa ne ya ƙare? Za ta iya faɗa? Yau za ta iya. Man goge baki da yawa, buroshi, danna. Ya ƙi. Wannan ba ƙura ba ce, ba baƙin mai ba ne, kamar roba ce ta manne ta shige ƙarfen. Danna dai. Da farce. Yauwa… yana tashi, ga fari na leƙowa daga gefe, ƙara, ƙara, rabi ya tafi—

Roba.

Daga kan tanki in ta sunkuya, me take gani? Ƙafar Baba ta hagu, wadda ta karye tun yana saurayi ta warke a karkace, dunduniyar baƙin takalminsa na gugar nan. Nan ɗin nan. Duk canjin giya sai ta goga. Ƙafar Yaya ba ta taɓa wurin, shi a miƙe yake takawa.

Soson Yaya… yana zuwa nan sai ya kewaye. Ta sha gani. Kumfa ko'ina, ban da nan. Ta ɗauka lalaci ne. Da mutane suka watse bayan rasuwar, a wane gefen babur ɗin ya zauna a ƙasa har rana ta faɗi?

A mayar. Da me ake mayarwa? Tsumman ne a hannunta, baƙi, jiƙe, ta manna shi a wurin, ta ɗaga — fari. Ya ma ƙara haske. Rabi fari, rabi Baba. Ta ƙarasa ne ya zama kamar ba a taɓa yi ba? Ta bari ne ya ga inda ta tsaya?

Ƙarar ƙofa. Fito. Ƙamshin hodar aski.

Yaya ya tsaya ta dama, ta can gefen, tana ganin takalmansa ta ƙarƙashin inji. Sai dariya, irin wadda ta manta yana da ita, yana kiran Mama ta zo ta ga ikon Allah, wai har haƙoransa yake gani a salansa.

“Auta, ke kika yi wannan? To ai magana ta ƙare. Taso, ga makulli.”

Makullin na lilo a saman tanki, yana walƙiya shi ma. Gwiwarta na manne da murfin hagu, ta rufe shi ruf. In ta miƙe…

“Taso mana, direba.”

Hannunta ya ɗaga, ya tsaya a hanya. Ƙafar ce ta ƙi.