Ɗakin Ɗinkin Mama

A gidanmu ba a faɗa wa Mama magana baki da baki. Kar ku zaci mafaɗaciya ce, wallahi ko kaza ba ta iya kora da tsawa. Abin ya samo asali ne tun zamanin Baba, mutum mai saurin hawa, wanda in an kawo masa magana da zafinta sai gida ya kwana uku ba dariya. Sai aka ɓullo da dabara: mai magana ya faɗa wa Yaya, babban wanmu, Yaya ya kai wa Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune a sashen baya, ita kuma ta nemi lokacin da za ta shigar. Amsa ma ta wannan hanyar take dawowa. Baba ya rasu shekara shida ke nan, amma hanyar tana nan daram, sai dai yanzu a ƙofar Mama take tsayawa. Mukan gaisa da ita, mu yi hirar ciwon gwiwa da ta ruwan famfo, amma duk maganar da ke da nauyi sai ta bi ta hannu biyu.

Kuma hannuwan nan ba su taɓa isar da abu yadda aka ba su ba. Yaya kemis gare shi, ya saba miƙa wa mutane magani mai ɗaci yana murmushi yana cewa ai ba komai. Gwaggo kuwa, wadda muke kira Gidan Waya a bayan idonta, ta ɗauka aikinta a duniya shi ne kada ran kowa ya ɓaci. In ka aika da tafasasshen ruwa, kafin ya isa wurin Mama ya zama na wanke fuska.

Ni malamar adabi ce a makarantar 'yan mata, shekaruna arba'in da uku. Mijina ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba, ya bar ni a gidan hayarmu, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, saman shagon wani mai gyaran agogo. Watannin farko na sha kuka har na gode Allah, don mutumin kirki ne kuma ina ƙaunarsa. Amma daga baya wani abu ya faru da ni wanda har kunyar faɗarsa nake ji: na fara jin daɗin zama ni kaɗai. Ni da a da ko bayi ba na shiga sai an kunna mini fitila. Na baje littattafaina a kan teburin cin abinci, na tashi na dawo na same su a shafin da na bari. Famfon kicin ya lalace, na ari sifana a wurin mai agogo na gyara da hannuna, na tsaya ina kallonsa ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Bangon falo na shafa masa shuɗin fenti, launin da marigayi ya ce sai ka ce asibiti. A gidan nan na fara sanin ko ni wace ce, kuma ba na son in bar shi.

Wata bakwai da rasuwar mijina, Yaya ya same ni a ɗakin malamai lokacin hutun tara. Ya ja kujera, ya tambayi aiki, ya tambayi lafiya, ya tambayi aikin kuma.

"Yaya, faɗi abin da ya kawo ka, ƙararrawa za a kaɗa."

"Mama ce. Ta ce ɗaki yana jiranki. Mace ita kaɗai a gidan haya, kin san bakin mutane."

"Ka ce mata na gode, amma ba zan dawo ba. Ba wai sai an jima ba. Ba zan dawo ba. Maimaita in ji."

Ya yi dariya, ya maimaita tsaf, ya ce in kwantar da hankalina, shi ya san yadda zai yi. Da ina da wayo, a nan zan gane an gama da ni.

Bayan mako guda sai ga wayar Gwaggo, murya har rawa take don murna. Wai Mama ta fahimta, ai gaskiyata ce, a bari zangon karatu ya ƙare tukuna sannan in kwaso kaya a tsanake. Na ce, "Gwaggo, wane zango? Wa ya yi maganar zango?" Ta ce layi ba kyau, ba ta jina, Allah ya yi mini albarka. Ƙit, ta kashe.

Ana tashi daga makaranta na zarce kemis. Na tarar da Yaya yana ƙulla wa wata tsohuwa ƙwayoyi a 'yar leda, na jira har ta fita sannan na sauke masa.

"Me ka faɗa wa Gwaggo?"

"Abin da kika ce mana. Na ce ba ki shirya ba tukuna."

"Haka na ce? Haka ka maimaita mini?"

"Haba, ƙanwata. Yanzu ni in buɗe baki in ce a faɗa wa mahaifiyarmu 'yarta ta ce ba ta son gidan ubanta? Ai sai hawan jininta ya tashi. A hankali ake bin tsofaffi."

Na sake aika saƙo, wannan karon har da rantsuwa. Ya isa wurin Gwaggo a matsayin ina jin nauyin in takura wa Mama. Abin da ya isa kunnen Mama kuwa, Allah kaɗai ya sani a lokacin. Amsar da ta dawo mini ita ce, kada in damu, ba takura ko kaɗan, an ma kira mai fenti.

A makon ne kuma, kamar da gangan, muke karanta wani tsohon littafi da 'yan ajin ƙarshe, irin waɗanda aka rubuta shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Labarin wata mata ce da ta fita ta ga duniya, ta koyi sana'a, ta zama mutum, sannan danginta suka mai da ita gidan da ta tashi, suka zaunar da ita a kujerar da take zama tun tana yarinya. Shafi ɗari uku tana haɗiyar magana. Shekara goma sha biyar ina koyar da littafin nan, ina rubuta wa yara a allo cewa marubucin yana nuna yadda al'umma ke danne mutum, su kwafa, su ci jarrabawa. Ranar sai wata mai bakin tsiya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malama, ni fa matar nan haushi take ba ni. Me ya hana ta buɗe baki kawai ta ce ba ta so?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce mata zamaninsu daban ne, mata ba su da ta cewa a lokacin, ta buɗe shafi na gaba ta daina ɓata mana lokaci. Yarinya ba ta yi laifin komai ba, na huce a kanta.

Ranar Asabar na shirya na tafi gida da niyyar in faɗa wa Mama da bakina, duk abin da zai faru ya faru. Tun daga ƙofa warin fenti ya tare ni. Ashe ɗakin ɗinkinta aka kwashe, ɗakin da ya fi kowanne haske a gidan, mai taga biyu, inda take wuni da rediyonta tun bayan rasuwar Baba. Keken ɗinkin na gan shi a ƙarƙashin matakala, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado, kwalayen zare da almakashi a jibge a kansa. Mama tana zaune a falo hannu biyu a cinya, ba ta aikin komai. Ban taɓa ganin hannuwan matar nan ba aiki ba.

Na ce a raina, tsohuwa ta sadaukar da ɗakinta saboda ni, ni kuma na zo in ce mata ta riƙe kayanta? Ga Gwaggo ta manne mana kamar ƙaya a zane, in na ce "Mama," sai ta amsa, in Mama ta buɗe baki, sai ta ƙarasa mata. Na sha ruwa, na yaba fenti, na tashi na tafi. Ni da bakina na yaba fentin nan, fari fat, ga ƙyalli.

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Shugabar makarantarmu ta tare ni a baranda ta ce ta ji labari, na yi hankali. Matar mai agogo ta hau har sama ta ce za su yi kewata, amma mace da gidan iyayenta ai ba ta da kamarsa. Mai gidan hayar ma Yaya ya riga ya haɗu da shi a hanya ya "ɗan shaida masa," sai ga shi da wasu sabbin ma'aurata sun zo duba ɗakuna. Ina tsaye amaryar ta zaro abin awo daga jaka tana gwada tagogina, tana tambayar mijin ko za a iya rufe wannan shuɗin da wani launi mai hankali. Takaici ya ishe ni har na rasa wanda zan fara zagi. Kowa ya san zan koma gida, ni kaɗai ce ban sani ba.

Zango ya ƙare. Da safe na miƙa wa mai gidan hayar makullai, na hau gaban motar kaya, littattafaina a kwali goma sha ɗaya a baya. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ba da kunya a titi.

Masu dako suka jibge kwalayen a ɗakin. Yaya ya koma kemis, Gwaggo ta bi masu dakon waje tana yi musu faɗa a kan madubi. Karo na farko cikin watanni, muka rage daga ni sai Mama. Ta tsaya a bakin taga tana shafa wurin da kekenta yake zama, inda ƙafafunsa suka bar tabo huɗu a siminti.

"To, ga ɗaki," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Allah ya sa yanzu ki samu barci. Da kin faɗa tun wuri kina kwana kuka saboda kaɗaici, da ba a kai haka ba."

"Ni? Wa ya ce ina kwana kuka?"

"Gwaggonki. Ta ce kina son dawowa, kunya ce ta hana ki roƙa."

Ban san lokacin da murya ta ƙwace mini ba. "Mama, sau biyu ina aiko miki ba zan dawo ba! Har rantsuwa na yi! Ina son gidana, Mama. Ina son zamana ni kaɗai. Saboda ke na taho, don an ce kin matsa, kin ce ɗaki yana jirana!"

Ta juyo a hankali. Ta nemi kwali ta zauna a kai.

"Ni ban ce ɗaki yana jiranki ba. Yayanki da Gwaggonki ne suka zo suka ce mutane suna magana. Na ce a faɗa miki, in zaman can ya fi miki, ki yi zamanki, kowa ya ji da gidansa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shekara arba'in da ɗaya ina tashi saboda wani, ina kwanciya saboda wani. Sai da babanku ya tafi na san akwai wani abu wai shi shiru. Allah ya jiƙansa, ban ƙi shi ba. Amma ɗakin nan shi ne abu na farko da na taɓa cewa nawa ne. Da suka ce kina kuka, me zan ce? In ce keken ɗinki ya fi 'yata?"

Haushi ya cika ni har wuya, na Yaya, na Gwaggo, nawa ma ya fi yawa. Ranar Asabar ɗin nan taku uku ne tsakanina da ita, na zauna ina yaba fenti.

"Kira mai gidan hayar," ta ce da sauri. "Maza, ko Allah zai sa."

Na kira. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce ai tun da hantsi ma'auratan suka karɓi makullai, yanzu haka ana hawa da gadonsu. Ta tambaya ko na manta wani abu ne. Na ce a'a.

Mama ta gane amsar a fuskata. Ta matsa mini gefen kwalin, na zauna, kafaɗata tana gogar tata. Muna nan zaune sai muka ji sallama a tsakar gida, muryoyi da yawa, maƙwabta ne suka zo yi mini barka da dawowa. Muryar Gwaggo ta fi ta kowa tashi, tana ba su labarin yadda ta sha wahala kafin ta haɗa kan uwa da 'ya. Wata tana cewa uwa ta gari ke nan, wata tana cewa 'ya mai biyayya ke nan, a zamanin nan ina ake samun irinsu.

"Zan fita in faɗa musu gaskiya," na ce.

"Ki faɗa musu me? Ke ba ki son zama da uwarki, ni ba na son zama da 'yata?" Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafinta, ta sa babban yatsa ta share mini ƙasan ido. "Saki fuskarki."

Ta kama hannuna. Muka fita tare, muka yi musu godiya.