Geron Gwauraye

Fasto Manu ya buga tafin hannunsa a kan teburin wa'azi har kofin ruwa ya yi tsalle, ya ce bawan da ya binne talantin ubangidansa, wato kuɗin da ya ba shi ya juya, a ƙasa ba shi da rabo. Dogara, da ke zaune a bencin dattawa, ya ɗago kai. Tun yana yaro yake jin wannan misali, amma bai taɓa jin an karanta shi ana kallon sito ta taga ba sai yau.

Siton nan wani ɗan ɗaki ne a bayan cocinsu na Birnin Kudu, kuma mabuɗinsa a hannun Dogara yake. Duk kaka, ranar bikin godiya, kowane gida yakan kawo damin gero ko dawa. Mata su sussuka, a zuba a buhu, a kulle. Ba a buɗewa sai damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sannan a raba wa gwauraye, matan da mazansu suka rasu. Da wannan hatsi uwar Dogara ta raine su bayan mutuwar ubansu.

A gaba, kan kujera mai katifa da ya saya wa kansa, Iliyasu yana ta gyaɗa kai yana cewa amin tun kafin Fasto ya ƙare magana. Kafin a ƙirƙiro Jigawa, fentin gidaje yake yi a Kano. Yanzu ɗan kwangila ne a Dutse, ya yi wuya, ya yi tumbi, ga sito a Gwaram da yake tara hatsi a ciki. Turarensa ya cika cocin har ya hau wa Dogara kai.

Bayan an tashi sujada, dattawa suka zauna. Nan maganar ta fito fili. Iliyasu zai saye buhunan siton duka a farashin yau, a haɗa da gudummawar jama'a, a sayo janareta da lasifika.

"Ikkilisiya ba ta magana ƙasa-ƙasa a sabuwar jiha," in ji Fasto. "Hatsi yana kwance yana ciyar da ƙwari. Wannan shi ne binne talanti, Baba Dogara."

"Ba a binne yake ba, Fasto. Jiran masu shi yake yi."

Iliyasu ya yi dariya, ya gyara hannun rigarsa don agogo ya fito. "Baba, ku tsofaffi ba ku gane albarka ba. Allah ba ya son talauci. Ni da kake gani, zakkata ba ta taɓa makara ba, shi ya sa ƙofofi suke buɗe min."

"In ruwa ya sauka, nawa za ka sayar da buhun?"

"Wannan kuma kasuwa ce za ta faɗa."

"Gwauraye irin su Batulu fa, lasifika za su dafa?"

Fasto ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, har na mutumin da Iliyasu ya sama wa ɗansa aikin masinja a Dutse, wanda ya ɗaga nasa yana kallon silifas ɗinsa. Dogara ya ji kamar ya tofar da yawu a wurin, sai dai cikin ɗakin sujada suke. Abin ya ba shi ƙyama ƙwarai, musamman addu'ar da aka rufe taron da ita, wadda rabinta sunan Iliyasu ne.

"Mabuɗin, Baba," Fasto ya miƙo hannu.

"Yana gida. Gobe ka karɓa."

Yana cikin aljihunsa. Ya san ƙarya ya yi, ya kuma ce a ransa zai nemi gafarar wannan daga baya.

Ko abinci bai tsaya ci ba. Ya hau kekensa cikin zafin bazara, ya bi gidajen gwaurayen da ke cikin gari, ya taka har ƙauyen Kangire wurin Batulu, tsohuwar da ke riƙe da jikokinta marayu. Kowacce ya ce mata ta zo sito a bayan coci da la'asar, ta taho da buhu ko ƙwarya.

Suka zo kuwa. Dogara ya buɗe kwaɗon, ya ja buhuna waje, ya kama awo da tiya yana zuba wa kowacce rabonta. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya riga ya san za a tuɓe shi daga dattijon ikkilisiya, wataƙila ma a hana shi cin jibin Ubangiji. Bai damu ba. A karon farko tun safe ƙirjinsa ya yi sanyi.

Ana cikin haka akori-kurar Iliyasu ta shigo harabar, Fasto a gaba kusa da shi. Wani ya kai musu labari. Dogara ya ajiye tiya, ya miƙe, ya shirya wa tashin hankali.

Iliyasu bai ko ɗaga murya ba. Ya fito, ya dubi buhunan da ke gaban matan, ya yi murmushi, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Iyayena, hatsi ya zama naku, ba mai ƙwace muku. Amma duk mai son sayarwa, ga ni. Kuɗi hannu, har da ɗan ƙari a kan na kasuwa."

Fasto ya gyara murya. "Lahadi mai zuwa za a kira sunan duk wanda ya sa kuɗinsa a aikin janareta, a gaban jama'a. Kowa ya tuna da wa'azin yau."

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta fara jan buhunta zuwa motar, wata ta bi ta. Iliyasu ya ciro sababbin takardun naira daga aljihu yana miƙawa, yana sa musu albarka kamar shi ne faston.

Dogara ya tari gaban Batulu. "Inna, kar ki yi. Nan da wata biyu wannan geron zai ninka kuɗi. A hannunsa za ki sake saye, in ma kina da abin saye."

"Na sani, Baba Dogara," ta ce a hankali.

"To, me ya sa?"

Ta gyara ɗankwalinta, ba ta dube shi ba. "Shekara da shekaru ni ake ba wa. Ban taɓa jin an kira sunana a coci ba sai a layin masu karɓa. Yau kuma Fasto ya ce wanda ya ɓoye abin da aka ba shi mugun bawa ne. Na tsufa, ba na so in je gaban Ubangiji da wannan suna."

"Jikokin fa?"

"Zan rage musu tiya biyu."

Ta kwance bakin buhun, ta ɗebi tiya biyu ta zuba a ƙwarya, ta sake ɗaurewa. Ta yi ƙoƙarin ɗagawa, buhun ya ƙi motsi. Ta dafa ƙugu, ta waiwaya, ba kowa kusa da ita sai shi.

"Kama min, don Allah. Bayan nan nawa ba ya barina."

Dogara ya tsaya yana kallonta, yana jin dariyar Iliyasu daga bakin mota. Da zai iya, da ya juya ya hau kekensa. Amma tsohuwar ta riga ta sunkuya ta kama kunnen buhun ita kaɗai.

Ya sunkuya, ya ɗora buhun a kafaɗarsa, ya kai shi bayan akori-kurar.

"Allah ya yi albarka, Baba," in ji Iliyasu. "Ɗan tura shi ciki, akwai sauran kaya."